Ƙarfen da Baba Ilu Ya Kafa

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, irin wanda tun kafin hantsi yawu yake ƙafewa a baki. Ranar kasuwar Roni na kai awaki na sayar, na hau acaɓa zan koma gida Gwiwa, sai tayar baya ta yi faci daidai katangar tsohuwar makarantarmu. Mai babur ya tura abinsa neman mai faci yana ta mita, ni kuma na raɓe gindin wata darbejiya. Ana hutu, makarantar tsit. Can sai na ji dum, dum, dum a kan siminti, aka ɗan yi shiru, sannan allo ya amsa. Tun kafin in gama tantance ko mene ne, tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Shekara talatin da ɗoriya rabona da ƙwallon kwando, amma wallahi nan take na koma wancan azumin, wanda shi ma a bazara ya zo.

Sunana Haruna, amma a makaranta ba wanda ya san wannan sunan sai malamai. Dogo ake ce mini. Ɗan ruga ne ni, kuma tsawona ya yi yawa har ya zama abin tsokana. A ƙwallon ƙafa ba mai ɗaukata, wai ƙafafuna suna harɗe juna. A bayan aji nake zama don kada in tare wa mutane allo. Gwamnati ta zuba mana filin ƙwallon kwando na siminti da ƙarafa biyu, aka yi bikin buɗewa aka watse, amma ba a turo wanda zai koyar ba. Kwando ɗaya yara suka yi ta lilo da shi har ya karye. Da kaka kuwa matan malamai su ke shanya gyaɗa da tattasai a rabin filin.

Sai Allah ya kawo wani ɗan bautar ƙasa daga kudu, muka sa masa suna Koci, wato mai horarwa. Ranar da ya fara ganina ya zagaye ni kamar mai taya sa a kasuwa, ya ɗora mini ƙwallo a hannu. Shi ya koya mini tsayuwa, da matse gwiwar hannu, da yadda ake sakin ƙwallo daga kan yatsu. Karo na farko ke nan a rayuwata da wani ya kalli tsawon nan nawa ya ga abin amfani. Shekararsa ta cika ya tafi, ya bar mana ƙwallo ɗaya. Aka miƙa wasanni ga Malam Sabo, malamin aikin gona, don kawai shi ne mafi ƙuruciya a cikin malamai. Mutumin kirki ne, kuma bai ɓoye mana komai ba.

"Ni fa usur kawai aka ba ni da makullin sito," in ji shi. "Ku yi yadda wancan ya nuna muku, in kun gaji ku kawo ƙwallon in kulle."

Da kaɗan-kaɗan sauran yara suka zame suka koma ƙwallon ƙafa, aka bar ni ni kaɗai.

Ƙarshen daminar shekarar, muna hutu, aka yi wata iska da ta yaye kwanon ajujuwa ta kuma kayar da ƙarfen da ya rage mana. Baba Ilu maigadi shi ya tsaya a kan gyaran. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa wajen kafa rumfuna da rumbuna, kuma abin da ya sani shi ne duk abin da iska ta kayar, to ramin ne bai yi zurfi ba. Ya sa lebura suka haƙa har cinya, suka zura ƙarfen, suka danna duwatsu, suka bi da siminti. Da muka dawo ya ja ni har gindinsa ya jijjiga shi da hannu biyu.

"Taɓa ka ji, Dogo. Ni da kai za mu tafi mu bar shi a tsaye."

Ranar na yi tsalle, sai ga hannuna ya kama bakin kwando, abin da ban taɓa yi ba. Yara suka ɗau ihu, wai Dogo ya ƙara tsawo a hutu. To, wandona ma ya ɗage ya bar idon sawu a waje, me zai hana in yarda? Na kwana ina murna.

Wajen ƙarshen zango na biyu Malam Sabo ya kira ni ya ce bayan ƙaramar Salla za a yi zaɓen 'yan wasan makarantu a Kano. Lokacin ba a yanke Jigawa ba, duk can muke. Wanda aka ɗauka za a mayar da shi makaranta a birni, a ci da shi, a horar da shi, ya ci gaba da karatu. Ni kuwa mahaifina, Baffa, ya riga ya faɗa mini wannan ce shekarata ta ƙarshe a boko, domin yayana ya bi rabin garke zuwa kudu ya yi zamansa a can. In Kano ba su ɗauke ni ba, karatu ya ƙare, ƙwallo ta ƙare.

Hutun ya zo daidai da kamawar azumi. Na sami Baffa a bakin rijiya yana jan guga, shanu sun yi cirko-cirko suna jiran a zuba musu a komi. Duk wanda ya yi kiwo ya san ba aikin da ya kai shayarwar bazara wuya, ga ruwa ya yi ƙasa, ga azumi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina roƙon ya bar ni in yi hutun a makaranta.

Bai saki igiya ba. "Wasan nan, ci da mutum yake yi?"

"An ce in sun ɗauke ni za su riƙe karatuna, Baffa."

Sai da ya juye gugan ya sake zura shi sannan ya yi magana. "Je ka. Amma in ba su ɗauka ba, ka san hanyar rijiyar nan."

Haka na koma makarantar da ba kowa a cikinta sai ni da Baba Ilu da ƙadangaru. Tare muke sahur a ɗakinsa na bakin ƙofa, ɗumamen tuwon dawa da ruwan randa. Da an sallame asuba sai in fita fili, lokacin simintin yana da ɗan sanyi. Na bi duk wuraren da Koci ya taɓa tsayar da ni na zana su da gawayi. In jefa daga nan, in bi ƙwallon in ɗauko, in koma, in sake. Ba mai miƙo mini, don haka bangon ɗakin gwaje-gwaje nake buga wa ya dawo mini da ita. Ba mai tare ni, sai na mirgino wani tsohon duro na kafa a tsakiya ina kewaye shi. Har magana nake wa kaina da muryar Koci, in ce matse hannu, Dogo, in kuma amsa da to. Da wani ya leƙo da ya ce aljanu sun taɓa ɗan Fulani.

Kafin hantsi ya ɗaga simintin ya fara cin ƙafa ta cikin takalmin roba. Sai in koma ɗakin kwana in miƙe a kan gadon ƙarfe, sauran gadaje a jere ba ko katifa. Kwanon rufi ya yi ta ƙas-ƙas saboda zafi. Famfo ya daɗe da ƙafewa, sai in jawo ruwa a rijiyar bayan kicin in jiƙa zani in lulluɓa, kafin in juya ya bushe. Kurciya ta yi ta kuka a kan darbejiya, ba abin da ke motsi. A irin wannan lokacin ne kewa take danne ni. In tuna yanzu Baffa yana can ya sari rassan gawo ya zuba wa shanu ya koma bakin rijiya, ni kuwa ina kwance ina jiran rana ta yi sanyi in je in yi wasa. Wani lokaci kunya ta kama ni har in ji kamar in naɗe tabarmata in kama hanya.

Bayan la'asar in sake fita, kuma wannan ne mai wuyar. Harshe ya yi nauyi, ido yana ganin duhu-duhu in na ɗaga kai, ƙwallon kanta ta yi zafi. Ta tsufa har ta yi sulɓi, kullum sai mun ba ta iska da famfon keken Baba Ilu. Shi kuma ya jawo bencinsa inuwa ya zauna da carbi. Bai san dokar wasan ko ɗaya ba, amma duk wadda ta faɗa kwando sai ya ce, "Ta shiga!" kamar yau ya fara gani. In rana ta yi ja sai ya hau keke ya shiga gari ya karɓo mana kunun tsamiya da ƙosai daga gidansa. Mu sha ruwa mu biyu a bakin fili har mu ji jijiyoyinmu sun saki.

Wajen tsakiyar watan Inna ta zo. Ta kawo nono kasuwar Roni, da ta sayar sai ta tako har makaranta da ƙwaryarta a ka, ta rage mini fura. Ta zauna a gefen siminti ta ja mayafi tana kallona ina jifa ina ɗaukowa. Ta daɗe tana kallo.

"Aikin ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Kai kaɗai? Ina mai koya maka?"

"Ya tafi tun bara."

Ta jinjina kai. Sai da ta tashi tafiya, tana gyara gammo, ta ce farar saniyarta ta durƙushe a hanyar rijiya ta kasa tashi, an yanka ta. Ta ce tafin hannun Baffa ya tsage, da tsumma yake naɗe shi yana jan igiya. Na ce bari in ɗauko kayana mu tafi. Ta daka mini tsawa, abin da ba ta saba ba.

"Ya ce kada ka zo. In ka zo yanzu, saniyar ta tafi a banza ke nan."

Na raka ta har bakin titi na dawo. Ranar da hawaye na yi jifan yamma, kuma duk wadda na jefa sai da ta shiga.

A goman ƙarshe zafi ya ƙara nauyi. Hadari ya haɗo daga gabas da yamma, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi, a kwana cikin gumi. Ni kuwa hannuna ya zauna. Ina iya rufe ido a kan zanen gawayi in saki ƙwallo in ji Baba Ilu ya ce ta shiga. Ba na ko tunani, hannun ne ya san nisan da kansa. Na je gida na yi Salla, na ga tsumman da ke hannun Baffa, na ce a raina saura kaɗan in fanshe wannan wahala.

Muka shiga mota a Kazaure ni da Malam Sabo. Filin Kano ya sha fenti, kwanduna biyu da raga fara tas, yara sun cika shi da takalma masu igiya. Da na ɗaga kai sai na ga kamar kwandon ya yi sama da yawa. Na ce tsoro ne, Dogo, nutsu. Aka jera mu, layi ya zo kaina. Na tsaya yadda na saba, na saki yadda na saba. Ƙwallon ta daki gaban ƙarfen ta dawo. Na sake, ta sake dukan wuri ɗaya. Ta uku ko ƙarfen ba ta taɓa ba, ta shafi raga ta ƙasa ta wuce. Wani yaro ya ce, "Ɗan Fulani, a ƙaro nono!" aka kwashe da dariya. Na ƙara ƙarfi, sai ta daki allo ta yi waje. Raina ya ɓaci, na taho da gudu na yi tsalle in kama bakin kwando in nuna musu ko ni wane ne. Yatsuna iska suka kamo. Har aka busa usur ban jefa ko ɗaya ta shiga ba.

Mai zaɓen wani dattijo ne mai ɗan ɗingishi. Ya yafito ni gefe ya ce in sake jefawa, amma bai kalli ƙwallon ba, hannuna ya tsura wa ido.

"Wa ya koya maka?"

"Wani ɗan bautar ƙasa ne, Yallaɓai. Ya tafi."

"Tun da ya tafi wa ke duba ka?"

"Ba kowa."

Ya kai ni ƙarƙashin kwando ya ce in miƙa hannu sama. "Naku na can, in ka miƙa haka, ina yake kai maka?"

Na nuna masa a jikin raga. Ya dubi inda na nuna, ya dubi bakin kwandon, tazarar ta fi taƙi guda. Ya sauke numfashi.

"Yaro, duk duniya tsawon kwando ɗaya ne. Naku gajere ne. Hannunka lafiyarsa ƙalau, ban ga mai irinsa a nan ba yau, amma wancan kwandon ya haddace. Kafin ya saki wancan ya kama wannan sai an yi watanni ana tsaye a kanka. Ni kuma yau aka ce in miƙa sunaye. Ni kaɗai ne a kan makarantun nan duka, ba mataimaki, ba abin hawa. Da na taɓa zuwa makarantarku, daga bakin ƙofa zan gane." Ya dafa kafaɗata. "Ku gyara shi, ka dawo baɗi."

Na ce to, na gode. Ban tsaya gaya masa ba ni da baɗi ba.

A mota Malam Sabo ya yi ta juya usur ɗinsa a hannu. Sai da muka wuce rabin hanya ya ce, "Wallahi Haruna ban sani ba. Kullum ina wucewa ta gabansa." Na so in yi masa rashin kunya, har maganar ta zo bakina, sai na ga idonsa ya kaɗa. Mutumin da aka horar a kan taki da irin shuka, ina shi ina tsawon kwando? Ya yi alkawarin kai maganar gaba, kuma ya kai. Aka ce za a duba. Kafin shekara ta zagayo aka yi masa canjin wurin aiki.

Muna shiga Kazaure ruwan farko ya sauko da iska mai ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika motar, fasinjoji suna ta hamdala. Na isa makaranta a jiƙe don in ɗauki akwatina. Baba Ilu yana bakin ƙofa da buhu a ka.

"Yaya, Dogo?"

"Ba a dace ba, Baba."

Ya yi salati, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya rasa abin da zai ba ni haƙuri da shi, sai ya juya ya nuna mini fili, inda iska ke kaɗa darbejiya kamar za ta tuge su.

"Ka ga naka dai, ko gezau bai yi ba. Yana nan yana jiranka."

Na kalli tsohon nan da ya yi wata guda yana raba kununsa da ni. Na ce, "Ko gezau, Baba." Har ya koma ga Allah bai ji komai daga bakina ba, kuma ban yi nadamar haka ba.

Washegari da sassafe na sami Baffa a gona da sungumi, ƙasa ta jiƙu. Ya dube ni ya dubi akwatin.

"An gama?"

"An gama, Baffa."

Ya miƙo mini ƙwaryar iri. Yana sara ina binsa ina zuba gero ina rufewa da dunduniya, har rana ta take. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Duk wannan ya dawo mini ina tsaye gindin darbejiya, sai na ga na bi ta inda katanga ta rushe na shiga. Simintin ya farfashe, an sauya allo, amma ƙarfen shi ne, ya yi tsatsa yana tsaye ƙyam. Wani saurayi ne dogo siriri, shi kaɗai, leɓensa ya bushe da azumi, yana jifa yana bi yana ɗaukowa. Ya gan ni ya rusuna ya gaishe ni, ya ce sunansa Nura. Na je ƙarƙashin kwandon na miƙa hannu. Yana nan inda na bar shi.

"Wa ke koya maka, Nura?"

"Ba kowa, Baba. Malamin lissafi ne ke riƙe da makullin sito. A waya nake kallon yadda ake yi." Ya yi murmushi. "Bayan Salla akwai zaɓe a Dutse."

Na zauna a gefen simintin, daidai inda Inna ta taɓa zama, na ba shi labarin ramin Baba Ilu tun daga farko. Ya saurara don ladabi, amma na ga bai yarda ba. Ya koma baya ya jefa, ta faɗa ko ƙarfe ba ta taɓa ba.

"Amma Baba, ai duk suna shiga."

"Na sani. Nawa ma duk suna shiga."

Mai babur ya leƙo ta katanga yana danna oda, na ce ya tafi abinsa. Muka sami maigadin yanzu muka ce za mu tono ƙarfen mu ɗaga shi, ya ce shi dai ba ruwansa in za mu mayar da shi tsaye yadda muka gani, ya ba mu diga da shebur. Ƙasar bazara ce, ga duwatsu, ga siminti, ga azumi. Muna yi muna hutawa har rana ta yi ja, ba mu ko kai rabin ramin ba. Allah ya jiƙan Baba Ilu, bai yi aikin wasa ba.

Nura ya dogara da diga yana haki, ya ɗaga kai ya kalli kwandon da ya fara karkata.

"Baba, in mun ɗaga shi hannuna zai rikice. Wa zai gyara mini kafin Salla? Ku za ku koya mini?"

Na duba filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba kowa sai ni da shi da maigadi can nesa yana alwala. Na gaya masa gaskiya, ni ma tun da aka sake kafa ƙarfen nan ban ƙara jefa ƙwallo ta shiga kwando mai cikakken tsawo ba, ko sau ɗaya. Daga cikin gari aka fara kiran magariba. Ya sunkuya ya ɗauki shebur ya miƙo mini, shi kuma ya sake ɗaga diga.